Kafin ka jona laftof da ƙwaƙwalwar mota: yadda ake shirya shi don aikin tiyunin

Tambayar da aka fi turo min kwanan nan ita ce, "Oga wane laftof zan saya in fara tiyunin ɗin mota, dole sai Core i7 ko?" Wani ma cewa ya yi yana tara kuɗin irin na masu gem ɗin nan mai fitilu ja da kore a kibod. Toh ɗan uwa ajiye kuɗinka tukuna. Abin da aikin nan yake nema a wajen laftof amana ce, wato wanda ba zai yi barci ba, ba zai ɗauke ba, ba zai ce maka bari in yi ofdet ba a daidai minti biyar ko goman da kake rubuta fayil cikin ƙwaƙwalwar motar mutane. Duk bayanin da zan yi a ƙasa a kan 'yan mintunan nan yake.

Bari mu fara raba abu biyu da ake cakuɗawa a gareji. Akwai sikanin, akwai kuma rubutu. Sikanin tambaya kawai kake yi, ka jona na'ura a soket ɗin nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD2, ka ce wa birenbos, wato ƙwaƙwalwar motar, me ke damunka, shi kuma ya ba ka lambobin matsala, ya nuna maka zafin ruwa da juyin injin da sauransu. Ko kebul ya fita a tsakiya babu abin da zai faru, ka mayar ka ci gaba. Soket ɗin nan tun 1996 ya zama dole a motocin da ake sayarwa a Amurka, Turai kuma ta biyo baya a 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu dizal, shi ya sa kusan duk motar da ta shigo mana ta Kwatano ko Legas zaka same shi.

Tiyunin kuwa wani abu ne daban. A cikin birenbos akwai jadawalai da kamfani ya rubuta, idan injin yana juyi kaza kuma an taka totur kaza, a fesa mai kaza, filogi ya ba da wuta a lokaci kaza, idan akwai turbo ya hura iska iya kaza. Mai tiyunin yana ɗauko fayil ɗin da ke ɗauke da jadawalan nan, ya canza lambobi, ya mayar. Wajen mayarwar ne hatsarin yake, saboda birenbos sai ya fara goge abin da ke cikinsa sannan ya karɓi sabon kaɗan kaɗan. Kenan akwai lokacin da motar ba ta da tsohon kuma ba ta gama karɓar sabon ba. In abu ya katse a nan, zaka murɗa makulli shiru, wani lokacin fanka ta tashi da ƙarfi ta ƙi tsayawa, ka jona sikana ta ce ba ta ga kowa ba. Kuma fayil ɗin da ake wannan fargabar a kansa, a yawancin motocin da muke gani daga rabin megabayit ne zuwa huɗu, bai ma kai hoto ɗaya na waya mai kyau ba. Kaga kenan maganar Core i7 ba ta taso ba.

Ni abin da nake ba mutane shawara shi ne tsohon laftof na ofis, irin su ThinkPad ko Dell Latitude ko HP EliteBook, Core i5, RAM giga 8, da SSD. Maganar SSD kada ka raina ta, don zaka ɗora laftof a cinya mota tana gudu a titi mai ramuka kana ɗaukar bayanai, tsohon hadis mai faifai a ciki ba ya son jijjiga ko kaɗan. Ka duba ramukan USB, ka tabbata akwai irin manyan nan na da aƙalla biyu kuma suna riƙe kebul gam, in ka saka kebul ka ga yana lilo ka bar laftof ɗin ko da an yi maka ragi. Siraran nan na yayi masu ramin USB-C kaɗai sai ka saka adafta, kuma duk adafta da ka ƙara ka ƙara wurin da zai iya kwancewa ne. Sikirin ma gara wanda ba ya ƙyalli, saboda a rana zaka yi aiki ko a ƙarƙashin bishiyar gareji, mai ƙyallin nan fuskarka kawai zaka riƙa gani. Mai hali ya sayi Panasonic Toughbook, an yi shi ne don ƙura da faɗuwa, amma ba dole ba ne.

Waɗanda zaka guje wa gaba ɗaya: Chromebook, da Mac masu cif ɗin M, da sabbin Windows masu Snapdragon. Direbobin kebul ɗin mota, wato 'yar manhajar da ke gabatar da kebul ga Windows, kusan duka an rubuta su ne don Intel da AMD. Akwai 'yan tsiraru irin TunerStudio na masu Megasquirt da Speeduino da ke aiki a Mac da Linux, amma wannan na masu haɗa birenbos na daban ne, ba shi ne aikin da zai riƙa shigo maka kullum ba.

Sai batir, kuma a nan ne laftof na hannu yake cin amanar mutane. Zai nuna maka kashi 80, ka cire caja, minti goma sai ɗif. Tun a shagon mai sayarwa ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da takarda, ka nemi layi biyu, Design Capacity da Full Charge Capacity. Na farko shi ne abin da batirin ke ɗauka ranar da aka ƙera shi, na biyu abin da ya rage masa yau. In na biyun bai kai rabin na farko ba, ka lissafa kuɗin sabon batir a cikin cinikin. Sannan ko lambobin sun yi kyau, ka cika shi a gida ka cire caja ka bar shi yana aiki har ya mutu kana kallon agogo, don akwai batirin da daga kashi 40 yake faɗowa sifili lokaci guda. Akwai kuma ƙaramin batirin agogo na cikin bod, in ya mutu kwanan wata zai riƙa komawa baya duk sanda ka kashe, manhajoji masu lasisi kuma da sun ga kwanan wata ya rikice sai su ƙi buɗewa, ka yi ta zargin kebul alhali abin ɗan batir ne mai kamar kwabo.

Da ka kawo shi gida ka goge komai ka saka sabon Windows. Kada ka yi aiki da wanda aka sako maka a kasuwa, ba ka san me aka cusa a ciki ba. Kayan aikin zamani Windows 10 ko 11 mai 64-bit suke so. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 7 kuma tun Janairun 2020, don haka in laftof ɗin zai ɗauki 11 gara ka tafi can. Matsalar ita ce tsofaffin manhajoji da kebul na tsofaffin motoci, wasunsu ba su san komai ba sai XP ko 7 mai 32-bit. Wasu suna magance wannan da VMware ko VirtualBox, wato su kunna tsohon Windows a cikin sabon. Don sikanin babu laifi, ni ma ina yi. Amma rubutu cikin birenbos ta wannan hanyar ban yarda da shi ba, saboda kebul ɗin sai ya ratsa Windows biyu kafin ya isa manhaja, kuma wasu na'urorin suna katsewa su sake haɗuwa da kansu a tsakiyar aiki, in na waje ya riga na ciki cafke kebul ɗin shikenan. Gara ka sayi SSD na biyu ka riƙa canzawa, ko wani tsohon laftof mai araha ka ware shi don tsofaffin kaya.

Yanzu saitin da ya fi komai muhimmanci, kuma kyauta ne, minti goma ya isa. Ka shiga Control Panel, Power Options. Barci ka mayar da shi Never, a kan caja da kuma a kan batir, duka biyun, don mutane da yawa na caja kawai suke gyarawa su manta a cikin mota a batir suke. Abin da zai faru in an rufe murfi ka mayar da shi Do nothing, saboda wata rana gwiwarka ko sitiyari zai tura murfin. A cikin Advanced settings ka nemo USB selective suspend ka kashe. Daga nan ka je Device Manager, ƙarƙashin jerin USB ka buɗe kowane Root Hub ɗaya bayan ɗaya, akwai wani ɗan akwati da ke ba kwamfuta izinin kashe na'urar don tattalin wuta, ka cire alamar. Windows a tunaninsa taimakonka yake, ya ga ramin USB ya yi shiru na ɗan lokaci sai ya rage masa wuta, bai san a daidai lokacin birenbos yana goge kansa ne shi ya sa ya yi shiru ba. Ofdet kuma ka ware masa rana, ka zauna a gida ka bar shi ya gama duk abin da zai yi ya sake tashi, sannan ka danna Pause, yana ba da har sati biyar. Ranar aiki ba ranar ofdet ba ce.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai, da na Kamaru da Chadi, ga wani abu naku na musamman. Windows na Faransanci waƙafi yake sakawa a lamba inda na Ingilishi ke saka ɗigo, wato 14,7 maimakon 14.7. Wasu manhajojin, musamman masu buɗe bayanan da aka ɗauka a hanya, suna rikicewa da wannan, ko su ƙi buɗe fayil ko su karanta lamba ba daidai ba. Ka shiga saitin Region ka mayar da alamar ta zama ɗigo tun kafin ka saka komai.

Sai direba. Ƙa'idar ita ce ka fara saka manhaja da direbanta kafin ka taɓa jona kebul, in ka riga ka jona Windows zai je ya ɗauko wanda ya ga dama ya liƙa masa. Tsofaffin manhajoji da yawa suna neman .NET Framework 3.5 da Visual C++, in ka ga ta ƙi buɗewa tana kukan wani fayil mai ƙarewa da dll yawanci su ne babu. Bayan ka jona, ka koma Device Manager ka duba. In ka ga alwatika mai ruwan ɗorawa da alamar motsin rai a jikin sunan kebul ɗin, direba bai zauna ba, kada ma ka je wajen mota. A Windows 11 akwai wani tsaro mai suna Memory integrity da ke hana tsofaffin direbobi tashi, sau da yawa shi ne dalili.

Yawancin ƙananan kebul ɗin nan akwai ɗan cif a cikinsu da ke mayar da USB ya zama abin da ake kira COM, ko na kamfanin FTDI, ko Prolific, ko CH340 na China. Abu biyu zaka gyara. Na ɗaya lambar COM ɗin, tsofaffin manhajoji wasu ba sa gani sama da COM4 ko makamancin haka, Windows kuma zai iya ba ka COM17, sai ka shiga Advanced ka sauko da ita. Ka kuma zaɓi rami ɗaya ka riƙa amfani da shi kullum, ni jan fenti na ɗiga a jikin nawa, don wasu kebul ɗin duk ramin da ka canza sabuwar lamba za a ba su. Na biyu, in FTDI ne, akwai Latency Timer da ke zuwa a kan 16, ka mayar da shi 1. Masu aikin BMW da kebul ɗin K+DCAN sun san wannan, in ba ka gyara ba zai haɗu ya katse, ya haɗu ya katse, har ka ɗauka motar ce. Kuma ka sani jabun cif ya cika kasuwa. A 2014 FTDI ta taɓa sakin direba ta cikin ofdet ɗin Windows wanda in ya gane cif na jabu ne sai ya canza masa lambar shaida ya daina aiki, aka yi ta surutu har suka janye shi. Na Prolific na jabu kuma sabon direba saƙon kuskure mai suna Code 10 yake nuna masa. Wannan bayanin na COM ya shafi masu haɗa wa motoci gas ɗin CNG kai tsaye, aikin da ya yawaita a Najeriya tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, don ƙaramin birenbos na gas irin na AEB ko Stag da irin wannan kebul ɗin ake saita shi, kuma rabin kiran da suke min na "Oga ya ƙi konet" lambar COM ce kawai.

Wace na'ura zaka saya, wannan ya danganta da motocin da ke shigo maka, kuma kafin ka biya ka shiga shafin kamfanin ka nemi ainihin lambar birenbos ɗin a jerin waɗanda suke iyawa, sunan mota kaɗai bai isa ba, mota ɗaya shekara ɗaya zata iya zuwa da birenbos iri biyu. Ɗan shuɗin ELM327 ɗin nan mai Bluetooth na karanta matsala ne da kallon bayanai, kada ka yi tunanin rubutu da shi. HP Tuners ya yi suna a motocin Amurka, GM da Ford da Dodge, kuma kowace mota sai ka sayi kiredit ka buɗe ta. Hondata da KTuner na Honda ne, su ma wasu samfura. Tactrix Openport da EcuFlash da RomRaider na masu Subaru da Mitsubishi. Motocin Turai masu Bosch irin EDC16 da EDC17 da MED17 kuma a nan ake maganar KESS na kamfanin Alientech na Italiya, da Autotuner, da Flex, su ɗauko fayil su mayar, gyaran kansa kuma a WinOLS ko ECM Titanium ake yi. Techstream na Toyota da kowa ke da shi a gareji na bincike ne da saituna da saka ofdet na kamfani, ba a canza jadawalin mai da shi. In zaka sayi irin su KESS ka lura akwai masta akwai silef, silef fayil ɗinsa a kulle yake fitowa, sai wanda ka yi rajista a ƙarƙashinsa ne zai iya buɗewa ya gyara maka.

Na san abin da ke ran da yawa, orijina tsada, ga na jabu a intanet kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ba zan yi kamar ban san halin da ake ciki ba. Amma ka san me ka saya. Na jabu tsohuwar manhaja ce da aka fasa, ba ta san sabbin motoci ba, in ta lalata birenbos babu wanda zaka kira, kuma zata ce ka kashe intanet ka kashe antibayros kafin ta yi aiki. Wanda ya fasa ta ba ka san shi ba, ba ka san me ya ƙara a ciki ba. In har ka saka irin wannan a laftof, toh kada ka sake ka buɗe bankinka ko imel ɗinka a kansa, kada kuma ka haɗa ta wuri ɗaya da manhajar orijina don direbobinsu suna faɗa da juna. Ko da kayanka duka orijina ne ma, laftof ɗin aiki na aiki ne, ba na kallon fim ba, ba na yara su yi gem ba, ba na kowa ya zo ya soka filas ya kwafi waƙa ba.

Toh ka gama da laftof, saura wutar motar kanta, wadda ita ce ta fi kashe birenbos a wajenmu. Ana rubutu ne makulli a buɗe injin a kashe, kenan altaneta ba ta caji, komai daga batir yake sha. Lafiyayyen batir cikakke yana nuna wajen bolt 12.6, kuma yawancin na'urori suna so wuta ta tsaya cak a wajen 13 zuwa 14 har a gama. Abin da ake amfani da shi na'urar riƙe wuta ce ta musamman mai ba da amfiya da yawa ba tare da hawa da sauka ba. Cajar mai cajin batir ta bakin titi ba ta yi, wutarta ba tsaftatacciya ba ce. In babu, mafi ƙaranci ka jona wani cikakken batir mai lafiya da kebul ɗin jam masu kauri, ka saka mita kana kallo.

Ni a nan na taɓa ƙonewa, shekarun da na fara. Wata mota ce aka kawo da yamma, mai ita yana sauri, kuma irin motocin nan ne da wani mai rewaya ya haɗa wa fanka dairek, da ka buɗe makulli fankoki biyu sun tashi. Na ji ƙararsu sarai, na ce ai minti bakwai ne. Layin da ke tafiya a sikirin ya wuce rabi, sai na ga fitilar cikin mota ta fara yin ja-ja, ƙarar fankar tana sauka kamar mai gajiya, layin ya tsaya. Na zuba masa ido, yaron da ke taya ni ya ce "Oga ya tsaya fa", na ce masa kar ka taɓa komai, ruga ka ɗauko batir. Kafin ya dawo saƙon kuskure ya fito. Motar nan kwana uku ta yi a wajen. Sai da aka ciro birenbos, aka bi gefen murfin da zafi a hankali aka ɓamɓare gam ɗin, aka jona wayoyi a kan bod ɗin kai tsaye aka tashe shi ta hanyar da ake kira but. Abin da ya cece ni ɗaya ne, na riga na karanta fayil ɗin asali na ajiye kafin in fara. Tun ranar, motar da aka yi wa fanka dairek sai na zare fis ko soket ɗin fankar kafin in buɗe makulli, in na gama in mayar.

Sauran abubuwan da ke jan wuta ko su tsoma baki a layin sadarwa duk ka kashe, AC da rediyo da fitilu, ka sauke gilashi tun farko, kada a riƙa buɗe ƙofa ana rufewa. In an saka wa motar tiraka ko wani alam na kasuwa da aka jona a wayoyin OBD, zai iya yin magana a kan layin a tsakiyar rubutu, a cire shi tukuna. Motoci masu maɓallin tayarwa wasunsu suna kashe kansu bayan wani lokaci in injin ba ya aiki, ka san halin wadda ke gabanka. Laftof kuma ka cika shi ka yi aikin a batirinsa. Kada ka jona cajarsa a inbata da ke shan wuta daga motar da kake yi wa aiki, kada kuma ka dogara da janareta ko wutar Nepa da zata iya ɗaukewa ko ta yi tsalle. Ka ajiye shi a kujera inda ba zai zame ba, kebul ya bi inda ƙafa ba zata taka ba, ka ce wa masu leƙe su ja baya.

Fayil ɗin asali shi ne dukiyarka. Kafin komai ka danna ID, manhaja ta nuna maka lambar bod da lambar sofwayar da ke ciki, ka ɗauki hoton sikirin, ka ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin birenbos. Ka karanta sau biyu ka gwada su, in sun bambanta akwai matsala a haɗin, kada ka ci gaba. Ka ba fayil suna mai ma'ana, irin mota da shekara da lambar sofwaya da kwanan wata da kalmar asali, ka buɗe wa kowace mota jakarta, ka kwafa a filas, ka tura wani Google Drive tun kafin ka rubuta komai. Ba a gyara a kan na asali, kwafi ake gyarawa. Ka kuma lura wasu na'urorin a wasu motoci ba ainihin abin da ke cikin motar suke karantowa ba, lambar kawai suke dubawa su sauko maka da irinsa daga rumbun kamfaninsu, kenan in wani ya taɓa yi wa motar aiki a baya ba zaka samu nasa ba, kuma irin wannan dole sai da intanet mai ƙarfi. In aikin na kan tebur ne, wato an ciro birenbos daga motar, ka ɗauki har da EEPROM, wani ƙaramin ma'ajin bayanai da ke cikinsa, a birenbos da yawa nan bayanan makulli suke. Sannan akwai cekisom, wani lissafi ne da birenbos ke yi ya tabbatar fayil bai lalace ba, da ka canza lamba ɗaya lissafin ya canza, dole a gyara shi. Na'urori masu kyau suna yi da kansu lokacin rubutu, amma ka tabbatar, kar ka ɗauka.

Wani amfanin laftof ɗin da ake mantawa shi ne ɗaukar bayanai a hanya, kuma a gaskiya nan ne tiyunin yake. Wani ya tuƙa, kai kana gefe, kada ka haɗa tuƙi da kallon sikirin. Kada ka zaɓi komai da komai, musamman a tsofaffin motoci masu tsohon layin sadarwa da ake kira K, wanda ke tafiya a hankali, duk abin da ka ƙara yana rage saurin sauran. Motoci masu sabon layin sadarwa na CAN, wanda ya zama dole a Amurka daga 2008, sun fi sauri nesa ba kusa ba. Juyin injin, nauyin da ke kansa, zafin ruwa, zafin iskar da ke shiga, lokacin wuta, yadda birenbos ke ja da lokacin wutar baya in ya ji injin yana ƙwanƙwasa, da gyaran man da yake yi, waɗannan sun isa farawa. Fetur yana ƙonewa daidai a kashi 14.7 na iska zuwa 1 na mai, kuma sensar iskar salansa ta yawancin tsofaffin motoci abin da take iya faɗa kawai shi ne an wuce ko ba a kai ba, shi ya sa masu aikin gaske suke saka waidban, wato na'urar da ke faɗin ainihin lambar, irin mai sensar Bosch LSU 4.9, ita ma ta kan buƙaci nata ramin USB ɗin, dalilin da ya sa na ce biyu tun farko.

Bayanan nan su zasu gaya maka ko motar ma ta cancanci a taɓa ta. In ka ga gyaran mai ya haura kashi 10 akwai abin da ke damunta, iska na shiga ta wani wuri ko nozul ya toshe ko famfon mai ya gaji. In an cire tamostat injin ba ya kai zafinsa, zai yi ta shan mai kamar yanzu aka tayar da shi da asuba. Waɗannan aikin bakanike ne, fayil ba ya gyara su. Haka fayilolin da ake rabawa a guruf ana cewa sitej wan, wato matakin farko na ƙara wa injin ƙarfi, an yi su ne don wata mota a wata ƙasa mai sanyi da fetur mai lamba 95 ko 98, kai kuma kana Sakkwato a watan Afrilu zafi ya haura 40, da man da ba ka da tabbacin ingancinsa. Lokacin wutar filogi da aka matso da shi gaba don can, a nan ƙwanƙwasa zata jawo, fistin ne zai biya.

In ka gama duk saitin nan kada motar kwastoma ta zama gwajinka na farko. Ka je Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Panteka in kana Kaduna, ka sayi tsohon birenbos mai araha irin wanda na'urarka ta iya, ka samo zanen wayoyinsa, ka ba shi bolt 12 a kan tebur ta hanyar fis. Ka yi ID, ka karanta, ka mayar masa da nasa ba tare da ka canza komai ba, ka sake karantawa ka gwada da na farko. Ka yi haka a batir, ka yi da murfin laftof a rufe, ka bar shi minti talatin ba ka taɓa ba ka dawo ka ga ko haɗin yana nan. In akwai saitin da ka manta, a kan teburin nan zai nuna kansa.